Jirgin Alfarma, Hannu Dumu-Dumu Da Baƙin Mai

Da fatan karatu yana tafiya daidai, kuma masu shirin jarrabawa ba su bari waya ta cinye musu dare ba.

Ranar Asabar da ta wuce janaretan gidan da muke haya a bayan makaranta ya ƙi tashi. Mu biyar ne a gidan, dukkanmu 'yan jami'a, amma aka rasa wanda ya san ko inda fulogi yake. Muka yi ta jan igiya har hannu ya gaji, muka haƙura, muka aika a kira mai gyara. Muna zaune a tsakar gida muna jiransa sai ɗayanmu ya miƙo waya, ya nuna mana hoton wani farin jirgin ruwa na shaƙatawa, mai shi yana kishingiɗe a sama da kofi a hannu. Ya ce, "Wallahi ranar da Allah Ya buɗa mini irin wannan zan saya, in rabu da jiran mai gyara har abada." Can sai ga mai gyaran, yaro ne da bai kai mu shekaru ba. Ya cire fulogi, ya goge, ya mayar, cikin minti biyar inji ya tashi. Ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba.

Maganar abokin nan ta tsaya mana a rai, shi ya sa muka shafe kwanaki muna bin diddigin yadda masu zama a irin waɗannan jirage suke rayuwa. Abin da muka tarar ya ba mu dariya, ya kuma ɗan ba mu kunya.

Bari mu fara raba abu biyu. Akwai manyan jiragen hamshaƙan attajirai, masu ma'aikata da kuku da injiniya. Waɗannan ba su ne maganarmu ba. Maganarmu a kan jirgin da tsawonsa bai wuce mita 10 zuwa 14 ba ce, mai injin dizal ɗaya ko biyu, da ɗakin kwana, da ɗan kicin, da banɗaki. Galibi miji da mata ne kaɗai a ciki, da yawansu 'yan fansho, wasu kuma da 'ya'yansu suna koyar da su karatu a hanya. Su ne direbobi, su ne masu dafa abinci, su ne masu shara, su ne kuma makanikai.

A Amurka akwai wata tafiya da irin waɗannan mutane suke mafarkin yi, sunanta Great Loop, wato Babban Zagaye. Hanya ce ta ruwa da ta kewaye gabashin ƙasar, tana ɗan leƙawa Kanada, tsawonta kimanin mil 6,000, kusan kilomita 9,700. Ku ƙaddara mutum ya je Legas daga Kano ya dawo kusan sau biyar. Ana tashi daga jihar Fulorida a haura gaɓar Tekun Atlantika zuwa Niyok, a shiga Kogin Hudson, a ratsa manyan tafkuna zuwa Shikago, a gangaro ta koguna har Mashigin Tekun Meziko, a komo Fulorida. Masu wannan tafiya har ƙungiya gare su, wadda Ron Stob da matarsa Eva suka kafa a 1999. Wanda yake kan hanya yana ɗaura farar tuta a goshin jirginsa, wanda ya kammala ya sauya ta da mai ruwan zinare.

Yawanci shekara guda cur ake yi, kuma yanayi ne yake tsara ta. Daga Maris zuwa Mayu ana haurawa gaɓar gabas. Yuni zuwa Agusta ana arewa, lokacin da babu ƙanƙara. Satumba zuwa Nuwamba ana gangarowa ta koguna, sannan a yi hunturu a Fulorida. Dalili shi ne lokacin mahaukaciyar guguwa a Tekun Atlantika yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, kamfanonin inshora kuma ba sa son jin jirginka yana kudu a wannan tsakani.

Me ya sa har shekara? Saboda jirgin ba ya gudu. Nan ne lissafi ya fara shigowa. Jirgi mai nauyi da yake ture ruwa da ƙirjinsa yana da iyakar saurin da tsawonsa ya yanka masa. Ƙa'idar da masu jirage suke aiki da ita ita ce: a ɗauki tsawon jikin jirgin da yake taɓa ruwa, a ƙafa, a nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan tsawo, sai a ninka ta da 1.34. In tsawon ƙafa 36 ne, lambar ita ce 6, ninkinta da 1.34 ya ba da 8 da 'yan kai. Wato mil 8 na teku a awa, kuma mil ɗaya na teku mita 1,852 ne. Kusan kilomita 15 ke nan a awa. Mai keke mai ƙwari zai iya wuce shi. In direba ya matsa wa injin don ya zarce haka, sai gindin jirgin ya nutsa, ya tara igiyar ruwa a gabansa, mai ya riƙa ƙonewa ninki-ninki, saurin da aka ƙara kuwa bai taka kara ya karya ba. Don haka mafi yawansu a kilomita 12 ko 13 suke tafiya. Sannu ba ta hana zuwa.

To, ku raba 9,700 da 13. Za ku sami awa 740 da wani abu na aikin inji. Injinan irin waɗannan jirage ana yi musu juye ne bayan awa 100 zuwa 250, gwargwadon abin da kamfanin da ya ƙera ya rubuta. Ashe kafin a gama zagayen sai an yi juye sau uku zuwa bakwai. Kuma ba a gareji ba, a ƙarƙashin falon da kake zaune. Ana ɗaga katakon daɓen, a dira cikin rami mai zafi, a durƙusa, a zuƙo tsohon baƙin mai da ɗan famfo, a zuba a jarka, a yi ta yawo da shi har a isa tashar da take karɓa, domin zubar da shi a ruwa laifi ne mai tara.

Masu wannan rayuwa suna da wata ba'a a tsakaninsu, wai yawo a jirgi ba komai ba ne illa gyaran jirgi a garuruwan da ba naka ba. Da muka duba abin da suke yi kowace safiya sai muka ga ba duka ba'a ba ce. Kafin a sha shayi ana sauka ɗakin inji da fitila. A duba baƙin mai, a duba ruwan inji, a danna fambel da yatsa a ji ko ya saki, a leƙa ƙasan jirgi ko ruwa ya taru, a shinshina ko akwai warin dizal ko na wayar da ta ƙone. In an tayar da injin, abu na farko shi ne a leƙa baya a ga ko ruwa yana fitowa daga salansa. Wannan yana da dalili, kuma dalilin ya fi komai burge mu.

Mota tana da lagireto da iska take sanyayawa. Injin jirgi yana rufe a rami, babu iska, sai aka yi dabara: yana zuƙo ruwan da jirgin yake kai ta wata ƙofa a ƙasansa. Ruwan ya bi ta rariya da take tare ciyawa da leda, sannan wani ɗan famfo ya tura shi cikin ƙananan bututai da suke ɗauke zafin ruwan injin, daga nan ya fice ta salansa. A cikin famfon nan akwai 'yar farfela ta roba wadda ba ta wuce a riƙe ta a tafin hannu ba. Ruwan da take turawa shi ne yake sanyaya ta. In leda ta toshe ƙofar, ko aka manta ba a buɗe ba, sai ta juya a bushe, cikin ɗan lokaci fukafukanta su kakkarye. Inji ya ɗau zafi, ƙararrawa ta fara kuka. Jirgin da ya fi gidan wani tsada ya tsaya cak saboda roba. Canza ta ba wuya: a rufe ƙofar ruwa, a kwance 'yan sukurori, a zaro tsohuwar, a sa sabuwa. Inda wuyar take shi ne ƙirga fukafukan. In farfela mai goma sha biyu ce aka ga tara, to sai an bi bututai an nemo ukun nan, in ba haka ba za su je su toshe wani wuri, kuma ba za su zaɓi ranar da ta yi maka daɗi ba.

Na biyu shi ne mai. Duk wanda gidansu yake da injin dizal ya san halin gurɓataccen mai. A jirgi abin ya fi muni, domin danshi yana taruwa a tanki ya zama ruwa, ruwan ya kwanta a ƙasa, ƙananan ƙwayoyin halitta su yi gida a tsakanin ruwan da man, su haifar da wani baƙin laka mai yauƙi. Muddin ruwa yana kwance lafiya, lakan yana kwance. Ranar da teku ta tashi, jirgi ya fara tangaɗi, ranar ce lakan zai motsa ya toshe filta, wato a daidai lokacin da mutuwar inji ta fi hatsari. Shi ya sa da yawansu suke sa filta biyu gefe da gefe, da hannun juyawa a tsakani: in ɗaya ta toshe a juya mai zuwa ɗayar, inji bai mutu ba, a canza wadda ta toshe ana cikin tafiya. In kuwa har iska ta shiga layin mai, dizal ba zai tashi ba sai an sassauta wasu noti an fitar da iskar. A tsakiyar ruwa babu yaron da za a aika a kira.

Na uku sai 'yan ajin kimiyya su gyara zama. Farfelar jirgi ta tagulla ce, sandar da take juya ta kuma ta wani ƙarfe daban. Ƙarfe iri biyu a haɗe, a cikin ruwan gishiri, batir ke nan, irin wanda malamin kemistiri yake zana muku a allo. Ɗayan zai riƙa cinyewa a hankali. Maganin shi ne a ɗaura dunƙulen tutiya, wato zink, a jikin sandar. Tutiya ta fi su saurin sakin kanta, sai ita ta cinye, farfela ta tsira. In ta cinye kamar rabi sai a sa sabuwa. A ruwan daɗi kuma tutiya ba ta aiki sosai, an fi amfani da maganiziyam, alminiyam kuwa yana yi a duka biyun. Tunda Babban Zagaye yana ratsa gishiri da ruwan daɗi, mai jirgi dole ya san a wane ruwa yake. Wannan jerin ƙarafa da kuke haddacewa don jarrabawa kawai, ga wanda yake sayensa da kuɗi.

Akwai kuma aikin da ba a ɗaukar hotonsa. Banɗakin jirgi yana zuba ne a tanki, kuma doka ta hana a juye shi a koguna da kusa da gaɓa, sai an je tasha an sa tiyo an zuƙe. In famfon banɗakin ya toshe, mai gidan nan da muka gani a kishingiɗe shi zai naɗe hannun riga.

A nan muke so mu faɗi ra'ayinmu, ko da zai ɓata wa wasu. Mun taso muna jin ana yi wa yaro barazana cewa in bai yi karatu ba za a kai shi gareji. Mun ga yadda ake kallon ɗan makarantar koyon sana'a kamar wanda ya rasa madafa. Mu kanmu da wannan tunani muka shiga jami'a, shi ya sa muka zauna mu biyar muna kallon janareta kamar wata halitta. Amma ga mutanen da suka tara abin da za su sayi jirgi su yi shekara ba sa zuwa ofis, kuma abin da suke alfahari da shi a tsakaninsu shi ne wane ya iya gyara da hannunsa. Ba muna cewa rayuwar ta talaka ba ce. Jirgi da mai da inshora da kuɗin tasha kuɗi ne masu yawa, kuma in gyara ya fi ƙarfinsu suna kiran ƙwararre su biya. Abin da muke cewa shi ne kuɗin bai raba su da sifana ba. Kuma ƙannenmu mata, kada ku ce wannan na maza ne. In mutum biyu ne kaɗai a jirgi, ɗaya ya kwanta ciwo ko ya faɗa ruwa, ɗayan dole ya iya tuƙi, ya iya kira a tasha ta 16 ta rediyon oba-oba, wadda ita ce ta neman agaji, ya iya kai jirgi bakin gaɓa. Ruwa ba ya tambayar wane ne mai gida.

Yanzu mu bi su mu ga inda suke yada zango. A gaɓar gabas ba cikin buɗaɗɗiyar teku suke tafiya ba. Akwai wata hanya da ta bi bayan tsibirai, ta haɗa koguna da fadamu da hanyoyin da aka haƙa, tun daga Fulorida har birnin Norfolk a jihar Bajiniya. Ana bin alamomi ja da kore da aka kafa a ruwa. Mai haurawa arewa yana barin ja a hagunsa. Sai dai inda hanyar ta haɗu da ta manyan jirage launukan suna iya juyewa, don haka aka manna ƙaramin tambari rawaya, mai kusurwa uku ko mai kusurwa huɗu, a jikin alamomin, shi ake bi. Wanda ya shagala da kallon tsuntsaye zai ji ƙasan jirginsa ya zauna a taɓo.

A gaɓar jihar Jojiya teku tana cika ta janye da tazarar mita biyu ko fiye, kuma tsakanin cika da cika kimanin awa 12 da minti 25 ne. Mai hankali yana ratsa wuri marar zurfi lokacin da ruwa yake hawa, domin in ya maƙale ruwan da yake zuwa zai ɗaga shi. In ya maƙale ruwa yana janyewa, sai ya yi awanni a karkace, kowa yana wucewa yana ɗaga masa hannu.

Da yamma zaɓi biyu ne. Ko a shiga tashar ƙananan jirage, inda ake biyan kuɗin kwana gwargwadon tsawon jirgi, a sami wuta da ruwa da wurin wanki, wani lokaci har da motar aro ta zuwa kasuwa. Ko kuma a sami lungu a jefa anka a kwana kyauta. Kyautar nan ma da lissafinta. Anka ba nauyinta ne yake riƙe jirgi ba, kafewa take yi a ƙasa, kuma ba ta kafewa sai jan da ake yi mata ya zo a kwance. Don haka ake sakin sarƙa ninki biyar zuwa bakwai na zurfin. Ga inda sababbi suke faɗawa: mutum ya zo ruwa ya janye, na'ura ta nuna masa zurfin mita 3, ya ninka da 5 ya saki mita 15, ya je ya kwanta. Ya manta ruwa zai hau da mita 2, ya manta goshin jirgin yana sama da ruwa da mita 1. Ainihin abin da zai ninka 6 ne, wato mita 30 a ƙalla. Tsakar dare ruwa ya cika, iska ta taso, anka ta tumɓuke, jirgi ya fara tafiya da masu barci a cikinsa.

Garuruwan hanya kowanne da labarinsa. St. Augustine, wanda Sifaniyawa suka kafa a 1565. Savannah. Charleston, inda matafiyi ɗan Afirka ya kamata ya ɗan yi shiru: a wata tasha ta birnin mai suna Gadsden's Wharf an sauke dubban 'yan Afirka da aka kamo bayi, kuma a daidai wurin aka buɗe gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka a 2023. Ruwan da wani yake shaƙatawa a kai yau, wani a ɗaure ya iso ta cikinsa. Amma ku sani, sau da yawa ba tarihi ne yake zaɓa wa mai jirgi garin da zai daɗe ba. Famfon ruwa ya lalace, an yi odar sabo, an ce sai bayan kwana huɗu: to, ka zama ɗan garin. Ko kuma iska ta ƙi kwantawa. Suna cewa babu abin da ya fi jadawali hatsari a jirgi, domin wanda ya yi wa baƙo alkawarin tarbarsa ranar Talata a gari kaza shi ne zai fita a ranar da bai kamata ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Bayan Norfolk sai Mashigin Chesapeake, sai gaɓar New Jersey inda akwai yankin da ba makawa sai an fita buɗaɗɗiyar teku, sai Niyok, a wuce ta gaban mutum-mutumin 'yanci a shiga Kogin Hudson. Daga nan ruwa ya fara hawa tudu.

E, hawa tudu. Ana yin sa ne da matakalar ruwa: wani ɗaki na siminti mai ƙofa gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe, a sako ruwa daga sama har ɗakin ya cika, jirgi ya ɗagu, a buɗe ƙofar gaba ya fita. Madatsar ruwa ta Kainji ma an gina ta da irin wannan don jiragen dakon kaya. A garin Waterford, bakin hanyar Erie wadda aka fara buɗewa a 1825, akwai ɗakuna biyar a jere da suke ɗaga jirgi sama da mita 50. Wanda ya bi ta Kanada zai ratsa irin waɗannan ɗakuna sama da ɗari kafin ya gama zagaye, kowanne yana riƙe da igiya mai gansakuka yana kare jirginsa daga bango.

Wanda ya fi ba mu sha'awa yana garin Peterborough a Kanada, an buɗe shi a 1904. Wasu manyan kwatarniyoyi ne biyu cike da ruwa, suna aiki kamar ma'auni. Jirage su shiga ta ƙasa, wasu su shiga ta sama. Sai a ƙara wa ta saman ruwa kimanin santimita 30, ta yi nauyi ta sauko, ta ɗaga 'yar'uwarta mita 19.8. Za ku ce, in jirage biyar suka shiga ta ƙasa, ta sama kuma babu ko ɗaya fa? Babu abin da zai canza. Kowane jirgi yana ture ruwa daidai nauyinsa ya fita daga kwatarniyar tun kafin a rufe ƙofa. Ƙa'idar Akimidis ce, wadda take cikin littafinku na fiziks.

Tafkunan Huron da Mishigan za mu wuce su da sauri, ban da cewa girmansu ya kai a rasa ganin gaɓa, kuma suna da igiyar ruwa da ba ta wasa. A Shikago ne aka ajiye jarrabawar da kowa sai ya ci. Kudu da birnin akwai wata gada da ba ta buɗewa, tsayinta daga ruwa ƙafa 19.6, wato ƙasa da mita 6 kaɗan, kuma babu wata hanya ta kewaye ta. Duk jirgin da ya fi haka tsayi ba zai yi Babban Zagaye ba, komai kuɗin mai shi. Sai ka ga mutane suna kwance eriya da rumfa, suna auna jirginsu da awo sau biyu sau uku.

Koguna wata duniya ce daban. A Kogin Illinois akwai wani kifi ɗan asalin Asiya da ƙarar inji take firgitawa, ya yi tsalle ya faɗo cikin jirgi, har an kafa shingen lantarki a cikin ruwa don kada ya shiga manyan tafkuna. A Misisipi kuma masu hanya su ne jiragen da suke tura faffaɗan akwatunan dakon hatsi da gawayi, goma sha biyar ko fiye a haɗe. Ba sa iya tsayawa da wuri, ba sa iya kaucewa. Ƙaramin jirgi yana kiran kyaftin a rediyo cikin ladabi ya tambayi ta wane gefe zai wuce. A matakalar ruwa ma su ne a gaba, mai shaƙatawa yana iya jiran awanni. Ga gungumen itace da ruwa yake ɗaukowa, wanda in ya daki farfela ya lanƙwasa ta sai an ciro jirgi. Ga kuma tazarar sama da kilomita 300 da babu inda za a sha mai kafin garin Paducah, kuma ƙarshenta haurawa ake yi a Kogin Ohio, ruwa yana turo ka baya. Daga nan a bi Kogin Tennessee, a shiga wata haƙaƙƙiyar hanya mai kilomita 377 da aka buɗe a 1985, a gangara har birnin Mobile a bakin teku.

Saura tsallake ɗaya, wanda tun daga Shikago ake zancensa. A kwanar Fulorida hanyar bayan tsibirai ta yanke, gaɓar kuma ba ta da zurfi, sai mafi yawan jirage masu tafiya a hankali su yanke kai tsaye daga Carrabelle zuwa Tarpon Springs, garin da Girkawa masu nutso don ciro soso suka fara cikawa tun 1905. Kimanin mil 170 ne, tafiyar kusan awa 20, dole a kwana a buɗaɗɗiyar teku. Ana iya yin kwanaki ana jiran ranar da iska za ta kwanta. A sa sabuwar filta, a ɗaure duk abin da zai iya faɗuwa, a fita jirage uku ko huɗu tare ana kiran juna a rediyo. Ɗaya yana tuƙi ɗaya yana gyangyaɗi, lokaci-lokaci a sauka ɗakin inji da fitila. Kuma ba a son isowa da asuba, domin kusa da gaɓa ruwan cike yake da tarkon kaguwa, kowanne da igiya da ɗan ƙwallo a sama. Cikin duhu ba a ganinsu, da sassafe rana tana cikin ido. Igiya ɗaya ta naɗe farfela, sai wani ya shiga ruwa da wuƙa.

Mu dai washegarin ranar janareta mun haɗa kuɗi mun sayi sifanar fulogi, mun kuma roƙi yaron nan ya dawo ya nuna mana, muka biya shi kuɗin koyarwa. Ya yi mana dariya son ransa, kuma yana da gaskiya.

Ga aikin wannan mako, lambobin na misali ne. Jirginku yana tafiya kilomita 13 a awa, yana shan lita 10 a awa. Tazarar da za ku tsallake kilomita 273 ce. Kuna so ku isa yankin tarkon kaguwa da ƙarfe 10 na safe. Da ƙarfe nawa za ku tashi? In tankinku yana cin lita 600, yanzu kuma rabi ne a ciki, kuma kun yi wa kanku ƙa'ida cewa kashi ɗaya cikin uku na man da kuka tashi da shi ba a taɓa shi sai a halin gaggawa, za ku fita a haka ko sai kun ƙara mai? In za ku ƙara, lita nawa ne mafi ƙaranci? Ku aiko da amsa tare da yadda kuka yi lissafin, da sunan makaranta da aji. Za mu buga sunayen mutum biyar na farko da suka dace.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.